Raƙumar Ɗakin Ɗinki

Ranar da likita ta ce ƙodar Yaya ta hagu ta gama aiki, saura ta dama kaɗai, ni ce na yi kuka. Ita kuwa gyara mayafinta ta yi, ta tambayi likitar ko za a sallame mu da wuri, wai ta bar kwalar riguna a kan keke ba ta ƙarasa ba. Wallahi da ba don a asibiti muke ba, da kuma ba ita ta goye ni ba, da na gaya mata maganar da sai ta kwana tana juyi.

Ita ta raine ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, Yaya kuma lokacin budurwa ce ta fara koyon ɗinki, don haka a bayanta na girma, ƙarar keke na sa ni barci. Da ta yi aure ta tafi da ni. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin kuma bai yi tsawon rai ba, muka ci gaba da zama mu biyu har na yi nawa auren. Har yau Auta take ce mini, ga furfura ta fara leƙo mini a goshi.

Yaya mace ce mai kirki, wannan ba na musu da kowa. Amma tana da kunya, irin kunyar nan da ke sa na kusa da kai ya ji kamar ya shaƙe ka. Tunda nake ban taɓa jin kalmar fitsari ta fito daga bakinta ba. "Zan zagaya" ma sai ta sassauta murya kamar mai gulma. In akwai baƙo a falo, ko da ɗan maƙwabta ne ya zo aron ashana, ba za ta ratsa ta gabansa ta shiga banɗaki ba, gara ta zauna tana murmushi tana matse ƙafa. Ni kuwa malamar 'yan aji ɗaya ce. Wuni nake ina jin "Malama, fitsari!" daga kowace kusurwa, in ce je ka, ka dawo da sauri. Na sha gaya mata cewa yaran ajina sun fi ta wayo, sai ta yi dariya ta ce bakina ba shi da linzami.

Bayan rasuwar mijinta ta samu aiki a wani kamfanin ɗinka yunifom na 'yan makaranta. Ɗaki ne dogo a saman bene, rufin kwano, kekuna jere hagu da dama, siririyar hanya a tsakiya. Fankokin sama ba abin da suke yi sai juya zafi da ɓurɓushin zare. Can ƙurya masu guga suna ta feso tururi. Daga bakin ƙofa kuwa teburin masu yanka ne, duk maza, da manyan almakasansu da surutunsu, sai teburin Manaja a gefensu. Yaya tana can ciki kusa da taga, ita ce mai haɗa kwala, kuma kowa ya san kwalar da ta fito daga hannunta ba ta karkacewa.

Banɗakin yana ƙasan matakala, kulle da kwaɗo don kada 'yan kan titi su riƙa shiga. Makullin kuma a rataye yake a jikin ƙusa, daidai bayan kan Manaja. Da can ɓacewa yake yi a aljihun mutane, sai wani mai basira ya ɗaure shi da igiya a jikin wani tsohon dutsen guga da ya lalace. To ka ji. Duk wadda fitsari ya matsa sai ta tashi, ta bi hanyar nan tun daga ƙurya, ta ce wa Manaja ya ɗan gusa, ta sauko da ƙarfen nan mai nauyi, ta rungume shi ta wuce ta gaban masu yanka yana ƙwaram-ƙwaram. In ta dawo kuma kowa ya san daɗewar da ta yi.

A makonta na farko Yaya ta ɗauki dutsen nan sau ɗaya. Wani cikin masu yanka ya ce, "A'a, sabuwar ma ta tafi guga," aka kwashe da dariya. Shi ke nan. Daga ranar ba ta ƙara taɓa shi ba. Dabarar da ta samo ita ce ta daina shan ruwa. Da safe ta ɗan kurɓi shayi rabin kofi, sai kuma in ta dawo gida. Ba ita kaɗai ba ma, manyan matan wurin duk haka suke yi, har ya zama abin alfahari a tsakaninsu: 'yan mata ne ke ɗaukar dutse, babbar mace tana kama kanta. Amma ko a cikinsu Yaya ce gwana, don su sukan karya wata rana, ita kuwa ko da wasa. Suka sa mata suna Raƙuma. Tana jin daɗin sunan, har ta kan ba ni labari tana dariya, ni ma sakarya ina taya ta.

Shekara da shekaru ana haka. Ciwon baya ya fara, ta ce zaman keke ne. Ta riƙa sayen ƙwayoyin ciwon jiki a kemis tana afawa ba ko ruwa, kamar mai cin gyaɗa. Zazzaɓi ya zo ya tafi, ya sake zuwa. Wata Asabar da hantsi na je gaishe ta na tarar da ita a durƙushe a tsakar ɗaki, ta dafe kwiɓi, gumi na ɗiga daga haɓarta, amma da ta gan ni sai ta ce wai allura ce ta faɗi take nema. Ban tsaya jin sauran ƙaryar ba, na tare mota muka tafi asibiti.

Likitar ba ta kai ni shekaru ba, amma ba ta rufa-rufa. Bayan an yi hoton ciki da gwajin jini ta zaunar da mu, ta dubi Yaya ta ce, "Mama, sau nawa kike fitsari a wuni?"

Yaya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Ni na amsa. Na ce kafin ta fita aiki da safe, sai kuma in ta dawo da yamma.

"Ruwa fa?"

"Ba ta sha," na ce. "Raƙuma ake ce mata."

Yaya ta harare ni, sannan ta juya wajen likitar da muryar lallashi. "Ai ina zufa, 'yata. Da za ki shigo ɗakinmu da rana, rigata sai an matse ta. Duk dattin ta nan yake fita."

Likitar ta ajiye biro. Ta ce jiki kullum cikin tara shara yake, ko mutum na barci, don duk abin da aka ci da duk motsin da aka yi yana barin ragowa a cikin jini. Wani dattin huhu ke fitar da shi a duk numfashin da aka saki. Wani hanta ke sarrafawa ta tura hanji ya fita da bayan gida. Amma akwai wanda ba shi da wata ƙofa sai ƙoda. Ita ce ke tace jini ba hutu, ta kwashe dattin ta narkar da shi a ruwa ta tura mafitsara. Zufa kuwa aikinta sanyaya jiki, ruwa ce da ɗan gishiri, dattin da take ɗauka bai taka kara ya karya ba.

"Kina zufa ruwan na tafiya, dattin yana nan zaune," in ji ta. "Mama, kin taɓa ɗauraye wanki da ruwa kofi ɗaya?"

Yaya ta ce wa zai yi wannan ƙazantar.

"To haka kika sa ƙodojinki suna yi. Abin da bai ɗaurayu ba ya daskare ya zama tsakuwa. Ɗan wanda ya sauka mafitsara kuma kika hana shi fita, ya wuni a ciki, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama suka haura sama. Ƙwayoyin ciwon jikin da kike afawa su ma suka ƙara mata duka. Ta hagu ta riga ta tafi. Ta dama tana da tabo, amma za ta iya riƙe ki har tsufa in kin taimake ta."

Taimakon ba wani abu ba ne mai wuya. Ta daina ƙwayoyin nan, ta sha ruwa har fitsarinta ya yi haske, kuma duk lokacin da ya zo ta tashi ta je ta yi. In ba haka ba, sai injin wankin ƙoda. Aka yi mata magani, tsakuwar da ke damunta ta fita, aka sallame mu. A hanya na ce, "Yaya, kin dai ji ko?" Ta ce ta ji, yarinyar tana da hankali, Allah Ya ba ta miji nagari.

Na sayo gora babba mai marfi. Kullum da safe kafin in wuce makaranta sai in cika ta da tataccen ruwa in biya in miƙa mata. Lokacin hutun tara na yi, yara na fita, in kira ta a waya.

"Yaya, kin sha?"

"Na sha, Auta."

Da yamma in biya in duba, gora wayam. Har na fara yi wa maigidana alfahari, ina cewa taurin kan Yaya ya gamu da nawa.

Ana nan sai na haɗu da Mai Maɓalli a tashar mota. Ita ce ke zaune a keken da ke kusa da na Yaya, aikinta ɗinka maɓalli, mace mai fara'a wadda magana ba ta kwana a cikinta. Ta riƙe hannuna tana ta godiya.

"Malama, Allah Ya saka miki da alheri. Tun da kika fara aiko mana da ruwan nan, dutsen gugarmu bai ƙara toshewa ba. Kin san na famfonmu gishiri gare shi. Masu guga har addu'a suke miki."

Na ce wane ruwa? Ta ce na gorar nan mana, wanda Raƙuma ke kai musu ƙurya kullum da safe.

Ban san lokacin da na bar ta a tsaye ba. Na isa gidan Yaya ina huci, na tarar tana tsince zare a jikin zanenta.

"Yaya, dutsen guga ne ke da ciwon ƙoda?"

Ta ci gaba da tsince zarenta. Can ta ce, "In na sha, ina zan kai shi?"

"Banɗaki! Inda kowane ɗan Adam yake kai nasa!"

"Ki rage murya, maƙwabta na ji."

"Su ji! Su ba sa yi ne? Manajan ba ya yi? Masu yankan mala'iku ne?"

Na yi faɗa, na yi magiya, na yi kuka. Na ce to ta bar aikin, in sa mata keke a gidana ta riƙa ɗinkinta a falo, banɗaki ga shi a gefenta ba kwaɗo ba dutse. Ta ƙeƙasa ƙasa ta ce ba za ta zama kaya a gidan ƙanwarta ba, kuma in ta tafi wa zai haɗa musu kwala? Yaran da ake ɗauka yanzu kwalarsu kamar kunnen jaki. Na ce kwala ta ci gidansu. Ta ce, "Auta, ban koya miki ashar ba."

Washegari ana tashi daga makaranta ban ko cire allin da ke hannuna ba na nufi kamfanin. Na hau matakalar nan zuciyata na tafasa. Zafin ɗakin ya doke ni tun daga ƙofa. Ban yi wa kowa sallama ba, na zagaya bayan Manaja, na sauko da dutsen na dangwara masa a tebur har kofin shayinsa ya yi tsalle. Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Manajan mutum ne mai jiki, mai sanyin magana. Ya ce, "Subhanallahi, baiwar Allah, lafiya?"

Na ce ba lafiya ba. Na ce ni ƙanwar wadda suke kira Raƙuma ce, ƙodarta ɗaya ta mutu a ɗakin nan, ɗayar ma tana hanya, duk saboda wannan ƙarfen banza.

"Haba Malama, wa ya hana ta? Ga makulli nan a rataye, kowa ɗauka yake."

"Matarka za ta rungumi wannan ta ratsa tsakiyar maza don za ta yi fitsari? Uwarka fa?"

Na faɗi kalmar da ƙarfi, na kuma maimaita, don na gaji da raɗa. Na juya kan masu yanka na ce waye a cikinsu ya yi mata ba'ar zuwa guga. Suka dubi juna. Wani dattijo a cikinsu ya ce shi ya fi kowa daɗewa a teburin, amma wallahi bai tuna ba, wataƙila cikin waɗanda suka bar aiki ne tuntuni. Ka ji fa. Wanda ya faɗa ya tafi abinsa, waɗanda suka yi dariyar sun manta, Yaya kaɗai ke ta dakon maganar a mafitsara. Na hango ta can ƙurya ta rufe fuska da wata rigar da ba a sa wa hannu ba.

A gaskiya Manajan bai yi gardama ba. Ya karɓi almakashi ya yanke igiyar, ya aika aka cire kwaɗon gaba ɗaya. Sannan ya miƙe ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, kun dai ji. Mamanmu ba ta da lafiya. Daga yau kowa ya sa ido ta sha ruwa, kuma duk wanda ya ga ta tashi ya ba ta hanya."

Na sauko ina jin na ci yaƙi. Daga baya wasu suka ce ni na ɓata lamarin. Su yi ta faɗa. Da za a maimaita ranar, murya zan ƙara.

Abin da ya biyo baya sai can da muka sake komawa asibiti Mai Maɓalli ta zo dubiya ta ba ni labarinsa. Mutanen ɗakin suka tashi haiƙan da tausayi. Wannan ya kawo ruwan leda mai sanyi, wancan ya kawo na gora, "Mama, ga ruwa," su tsaya a kanta sai ta sha. Yaya kuwa ba ta iya mayar da hannun kyauta ba, sai ta karɓa ta shanye tana godiya. Amma da ta motsa kujera sai kekuna su yi shiru, a janye ƙafafu daga hanya, wani cikin samarin ya ɗaga murya, "A ba Mama hanya!" Sai ta yi kamar zare ta tashi ɗaukowa, ta koma ta zauna. Da can ba ta sha, ba ta zuwa. Yanzu tana sha, tana riƙewa tun safe har yamma, ga ƙofa a buɗe a ƙasan matakala.

Ni kuwa ta daina sakin jiki da ni. In na gaishe ta ta amsa, shi ke nan. Wata yamma na riga ta isa gidanta, sai ga ta tafe kamar ana kora ta, don sauri ta kasa sa makulli a ƙofa. Na karɓa na buɗe, ta wuce ni a guje. Da ta fito na ce, "Yaya, har yanzu?"

Ta ce, "Kin tsaya a gaban yaran da na isa in haife su kin tona mini asiri. Yanzu ko tari na yi sai an waiwayo. Me kuma kike so?"

"Ina so ki rayu!"

"Ai ga ni a raye."

Kai, Yaya! Wani lokaci sai in tsaya ina kallonta, in rasa ko rungume ta zan yi ko girgiza ta. Matar da ta iya raino, ta iya zaman takaba, ta iya riƙe gida ita kaɗai, matakala guda ta gagare ta sauka.

Lokacin komawa makaranta ya matso, aiki ya yi musu yawa. Ranar komawa wurin likita ta zo, ta ce sai an rage kaya. Na sake karɓo wata ranar, ta ce Manaja ya roƙe ta. Zazzaɓi ya dawo, ta ɓoye mini, ta koma wa ƙwayoyinta na kemis. Na lura tana yawan susa, na lura abinci ya daina yi mata daɗi, ta ce bakinta ne ke ɗanɗanon ƙarfe. Takalminta ya daina shiga, ta ce na zamani ne ba su da inganci. Duk abin da na nuna tana da amsarsa a shirye.

Wata Lahadi na kai mata abinci na same ta da fara'a, irin wadda na daɗe ban gani ba. Fuskarta ta cika, har na ɗauka ƙiba ce. Ta jawo ni kusa, ta sassauta murya ta ce, "Auta, ki kwantar da hankalinki, na samu sauƙi. Kwana biyun nan ba ya ma damuna. Ina sha, in wuni, in dawo gida, ko ɗigo. Jikin ya saba."

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce. Na durƙusa na danna yatsa a ƙafarta, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Tana ta murna abinta, wai a ƙarshe jikinta ya koyi kunya.

A asibiti likitar nan ba ta yi faɗa ba, kuma na so a ce ta yi. Ta dubi sakamakon ta dube ni ta girgiza kai. Cuta ta haura, wata tsakuwar ta toshe hanya, ƙodar dama ta yi iya yinta ta gaji. An buɗe hanyar, an yi magani, an jira ko za ta farfaɗo. Ba ta farfaɗo ba.

Ɗakin wankin ƙoda dogo ne shi ma, kujeru jere, maza da mata a haɗe. Ana soka mata allura a hannu, jininta ya bi ta siririn bututu ya shiga inji, injin ya tace ya dawo mata da shi. Aikin da wasu 'yan tsoka biyu suke yi mata shiru a bayan ciki ba ta ko sani ba, yanzu sai an tashi tun safe, an hau mota, an bi layi, an zauna rabin wuni. Kafin a fara nas ta ɗora ta a sikeli, ta tambaye ta a gaban kowa ko ta ga fitsari tun zuwan da ya wuce. Yaya ta girgiza kai, idonta a ƙasa.

Likitar ta kira ni gefe ta ce, "Malama, yanzu magana ta juya. Ruwan da ta sha ba shi da hanyar fita sai ranar wanki. In ya yi yawa zai taru a ƙafa, ya hau huhu, ya shaƙe ta." Ta nuna mini wani ɗan kofi ta ce ga iyakar abin da za ta sha, a rarraba mata shi a wuni, har da wanda za ta haɗiyi magani.

Na dawo da ita gidana, wannan karon ba ta yi musu ba, don ko ƙarfin musun babu. Ƙishirwa kuwa ta zo mata kamar an aiko ta. Dattin da ke taruwa a jini kafin ranar wanki yana busar mata da baki, leɓɓanta suka tsage. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa komai ba ta koma bin kofi da ido. In maigidana na shan ruwa a gabanta sai ta kau da kai, har ya koma sha a kicin a tsaye kamar ɓarawo. Na kwashe gorunan firji na kai ɗakinmu. Na daina wanke-wanke in tana kusa, don ƙarar famfo ma tayar mata da hankali take.

Duk da haka sikeli ya riƙa hawa. Nas ta ce, "Tana shan ruwa a ɓoye." Na rantse ba ta sha, na ce ni ke auna mata da hannuna. Nas ta ce sikeli ba ya sharri, in je in bincika, don in aka ci gaba a haka wata rana numfashi zai gagare ta kafin a iso.

Na dawo na sa ido. Ba ta shiga kicin, ba ta taɓa firji. Abin da na lura kawai shi ne alwala ta yi mata yawa. Kafin a kira salla ta yi, bayan an kira ta sake, wai tana kokwanto. Na ce tsufa ne da jinya, mutum yakan ƙara riƙe ibada.

Ranar da na gane, la'asar ce, rana na dukan bangon tsakar gida. Tana zaune a kan 'yar kujera da buta a gabanta, ni ina kwashe shanya. Ta wanke hannu, ta ɗebi ruwa a tafi ta kai baki. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta sake ɗiba.

Na saki kayan a ƙasa na zo na tsaya a kanta.

"Yaya, tofar."

Ta ɗago ta dube ni, kumatunta cike da ruwa, idanunta sun kaɗa sun yi ja. Ba ta haɗiye ba, ba ta tofar ba. Na ji haushi ya taso mini, haushinta, haushin dutsen nan, haushin duk wanda ya yi dariya a ɗakin nan, haushin bakina da ya yi wata da watanni yana cewa sha, sha, sha. Na durƙusa a gabanta.

"Don Allah, Yaya. Tofar."

Ta juya gefe ta tofar a ƙasa, ta bi ruwan da kallo har siminti ya shanye shi. Sannan ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba, "Auta, ko maƙogwarona ne ki bari ya jiƙe."

Na ce likita ta hana.

Ta gyaɗa kai. Na ɗauke butar daga gabanta na riƙe, ina zuba mata a hannu kaɗan-kaɗan har ta gama wanke ƙafa.